Babi na Biyar: Haddar Ƙafa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin dandali a ƙauyukan da ke bin gulbin Rima, tun daga Goronyo har zuwa Wurno, ko kuwa a ƙasar Raba, a lokacin da aka kawar da amfanin gona, rumbuna suka cika, farin wata ya fito, ya kuma ga yadda 'yan mata wajen ashirin ke juyawa tare, su durƙusa tare, su miƙe tare, alhali babu mai ba su umarni da baki, babu kuma allo ko takarda da aka rubuta musu abin da za su yi, lalle ne, in dai mai tunani ne, wata tambaya ta ɗarsu a zuciyarsa: a ina suka ajiye wannan abu duka? Domin gwanar rawa ba rawa ɗaya ta sani ba. Ta san ta kalangu, ta san ta ƙwarya, ta san wasannin gaɗa masu yawa, kowanne da mashigarsa da takunsa da juyinsa da mafitarsa, kuma za ta iya shekara ba ta yi wata daga cikinsu ba, amma ranar da aka buga mata kiɗan, sai ta kawo ta daki-daki ba tare da ta tsallake taku ɗaya ba.

Mutanen wannan yanki ba baƙin sha'anin hadda ba ne. Wurno ribaɗi ne na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a can ya rasu a 1837, a can kuma hubbarensa yake, kuma da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya iso a 1853, a Wurno ya tarar ɗansa Aliyu Babba ya mai da mazauninsa. Nana Asma'u 'yar Shehu, Allah ya ƙara mata yarda, ta tsara wa'azi da tarihi da fiƙihu a cikin waƙoƙi, jajojinta suka haddace, suka kai wa matan ƙauyuka, su ma suka haddace, har ilimi ya shiga ɗakunan da takarda ba ta taɓa shiga ba. Saboda haka an san darajar wanda ya riƙe baitoci ɗari a ka, ana girmama shi, ana ce masa mai kaifin ƙwaƙwalwa. Wanda ya riƙe taku ɗari a ƙafa kuwa ba a cika lissafa shi cikin masu hadda ba, sai a ce ai jikinsa ne ke da laushi, ko kuwa a ce gado ya yi. Hukuncin kiɗa da rawa a Shari'a mas'ala ce da Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi suka yi rubutu a kanta, malaman fiƙihu kuma suna nan suna bayaninta, ba ita ce manufar wannan babi ba. Manufarsa ita ce duba hikimar da Mahalicci ya sanya a jikin ɗan Adam, wadda ke sa gaɓoɓi su riƙe abin da harshe ba zai iya faɗa ba, domin hikimar nan guda ce, ko a ƙafar mai rawa, ko a hannun masaƙi, ko a yatsun mai rubutun allo.

Malam Ibn Khaldun, a cikin Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya kira wannan abu malaka, ya kuma bayyana cewa sifa ce da ke kafuwa a cikin mutum ta hanyar maimaita aiki sau bayan sau, har surarsa ta zauna daram, kuma kowace sana'a a kanta take tsaye. Wannan gaskiya ne, Bahaushe ma ya ce yau da gobe ka sa allura ginin rijiya. Sai dai maimaici kaɗai bai warware mas'alar ba, domin gwani yakan ga sabuwar rawa sau ɗaya ko biyu ya ɗauke ta, ɗan koyo kuwa ya gan ta sau goma bai riƙe rabinta ba, alhali a wannan rawar dai babu wanda ya riga wani maimaitawa. Ashe akwai wani abin da shekarun maimaici suka gina a cikin gwani, wanda ke sa sabon abu ya sami mazauni da wuri.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura cewa abin da zuciya ke iya riƙewa a lokaci guda, kafin ya zauna ko ya gudu, ɗan kaɗan ne ƙwarai. George Miller, wani malami Ba'amurke, ya ƙiyasta shi a 1956 da abubuwa bakwai, ko a ƙara biyu ko a rage biyu, waɗanda suka zo bayansa ma suka ce bai kai haka ba. To, amma abin da ake ƙirgawa ɗaya yana iya zama ƙarami, yana iya zama babba. Manomin da ke lissafin geronsa ba ya ƙirga zangarniya, dami yake ƙirgawa, kuma da ya ce dami bakwai ya ambaci zangarnu masu ɗimbin yawa cikin kalma biyu. Haka gwanar rawa take. Inda 'yar koyo ke ganin ƙafar dama ta fita, ta hagu ta bi, kafaɗa ta sauka, kai ya karkata, hannu ya tashi, wato abubuwa biyar da kowanne ke neman gurbinsa, ita gwana abu ɗaya ta gani, wanda ta sani tun tana ƙarama, ta kuma ajiye shi a gurbi ɗaya, sauran gurabe suna nan a buɗe suna jiran abin da zai biyo baya.

An gwada wannan magana, ba a bar ta zato ba. A 1973 William Chase da Herbert Simon suka jarraba gwanayen darar nan da Larabawa ke kira shaɗaranji: in aka nuna wa gwani allon wasa na 'yan daƙiƙoƙi aka ɗauke, yakan mai da yawancin 'ya'yan darar mazauninsu, muddin dai tsarin daga wasa na gaskiya aka ɗauko shi, in kuwa watsa su aka yi barkatai, sai fifikonsa a kan ɗan koyo ya kusa gushewa. A 1987 Janet Starkes da abokan aikinta a ƙasar Kanada suka yi irin wannan da yara ƙwararru a rawar bale ta Turawa. Suka nuna musu jerin taku wanda gwani ya tsara bisa ƙa'idar rawar, da wani jerin wanda aka harhaɗa ba tsari. A na farko ƙwararrun suka tsere wa 'yan koyo, a na biyu kuwa tazarar ta tafi. Dalili a fili yake: ƙwaƙwalwar gwani ba ta fi ta kowa faɗi ba, ta dai cika da sanannun ƙulle-ƙulle, da sanin wanne ne ya saba bin wanne. Abin sha'awa shi ne, da Starkes ta sake gwajin bayan 'yan shekaru da masu rawar zamani, waɗanda malamansu suka saba ba su motsi maras tsayayyar ƙa'ida, sai ta tarar su sun fi 'yan koyo ko da a jerin da ba shi da tsari, domin sun koyi ƙulla wa kansu abin da ba a ƙulla musu ba.

Wanda ya zuba ido a dandali zai ga shaidar wannan da kansa. Gwana ba ta cika yin kuskure a tsakiyar taku ba. In za ta yi tuntuɓe, a mahaɗa take yi, wato inda wani ƙulli ya ƙare wani zai fara, nan ne za ka ga ta ɗan dakata, idonta ya nemi na ƙawarta ko hannun makaɗi. Mahaddacin Ishiriniya ma a farkon baiti yake tsayawa, kuma kalma ɗaya za a jefa masa ya zarce har ƙarshe.

Wa ke jefa wa mai rawa wannan kalma ɗaya? Nan ne muka iso ga abin da nake ganin shi ne ginshiƙin mas'alar a ƙasar Hausa, wato makaɗi. Kalangu, da yake ana matsa tsarkiyarsa a hammata a sassauta, muryarsa ta hau ta sauka, yana bin karin harshen Hausa ne, har wanda ya saba da shi ya ji magana a ciki. Saboda haka abin da ke shiga kunnen mai rawa jimla ce mai farko da ƙarshe, kowace jimla kuma an ɗaura mata takunta tun ranar da aka koye ta, ba a taɓa koyon ɗaya ba tare da ɗayan ba. Makaɗi na gari yana sanar da sauyi kafin ya zo, ya ɗan tsinke kiɗan ko ya ninka bugu, waɗanda ke fage su gane cewa juyi ya gabato. Da Bahaushe ya ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, yana nufin al'amuran duniya, amma daga fage ya ɗauko maganar, kuma a fage bayanin aiki ce tsantsa. Starkes ma ta tarar cewa yaran nan sun fi tuna jerin takun in an bar musu kiɗan da suka koye shi da shi, in an cire kuwa sai ƙarshen jerin ya fara zubewa.

Maza sun san wannan ta hanyar take. Kowane ɗan dambe da ya isa yana da takensa, kuma wanda ya ji yadda marigayi Muhammadu Bawa Ɗan Anace ke wasa ɗan damben nan Shago ya san abin da take ke yi wa namiji: da an buga shi sai tsuma ta kama shi, ya miƙe, ya ɗaga hannun da aka naɗe, ya zagaya fage da irin takun da aka san shi da shi, ba don ya zauna ya tuna ba. Haka manomi a wurin gayya in gangar noma ta kira shi, haka 'yan hoto masu cilla garma sama su tare, waɗanda ɗan kuskuren lokaci a wurinsu rauni ne, ba abin dariya ba.

Na ga wannan a wani biki a wani ƙauye kusa da Wurno, a cikin gida, wajen mata. Akwai wata tsohuwa da aka ce a zamaninta ba a yi kamarta ba, tana zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafafu, tana ɓare goro. Wata jikarta ta durƙusa gabanta ta ce, "Inna, don Allah ki gwada muna irin taku ta da." Tsohuwar ta girgiza kai ta ce, "Ɗiyata, wanga abu ya daɗe, wallahi na mance shi." Kuma ba kunya ce ta sa ta faɗi haka ba, domin ta ɗan motsa hannu tana nema, ta rasa. Mai kalangun, wanda shi ma furfura ta cika masa gemu, yana tsugune a bakin ƙofa, ya ce, "Inna, ke dai tashi tsaye, saura aikina na." Aka kama ta ta miƙe. Ya fara wani kiɗa mai nauyi, wanda 'yan matan wurin ba su san abin da za su yi da shi ba, suka tsaya cirko-cirko. Ita kuwa ta sunkuyar da kai tana saurare. Yatsun ƙafarta ne suka fara motsi a cikin rairayi, sannan diddige, sannan ta ja gefen zanenta da hannun hagu ta ɗan karkata, sai ga rawar ta fito, gajerun taku uku gaba, ja da baya ɗaya, juyi a kan diddige. A wuri ɗaya ta tsaya, makaɗin ya maimaita jimlar da ƙarfi yana kallon ƙafarta, ta kama ta wuce. Da ta zauna tana haki aka ce ta bayyana yadda ake yi, sai ta ce ita ba ta san yadda za ta faɗa ba, a tambayi mai kalangu.

Tsohuwar nan ta yi gaskiya sau biyu: ta manta, kuma ba ta manta ba, domin ma'ajiyar tunawa a jikin mutum ba ɗaya ba ce. Likitoci sun tabbatar da wannan ta hanyar wani bawan Allah Ba'amurke, Henry Molaison, wanda aka yi wa aiki a ƙwaƙwalwa a 1953 saboda farfaɗiya mai tsanani, aka cire masa, dama da hagu, wani sashe da ake kira hifokamfus. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma daga ranar bai ƙara riƙe sabon labari ba: a gaisa da shi, a fita a dawo, ya karɓi mutum kamar baƙo. Wata malama mai suna Brenda Milner ta ba shi aikin bin zanen tauraro da alƙalami yana kallon hannunsa ta cikin madubi kawai, aiki mai wuya ga kowa, tun da madubi yana juya alƙiblar motsin hannu. Kwana uku yana yi, kullum yana cewa bai taɓa ganin wannan aiki ba, kullum kuma hannunsa yana ƙara ƙwarewa. Daga nan aka fahimci cewa sanin labari daban, sanin aiki daban, kuma shi na biyun yana dogara ne ga wasu sassa na can cikin ƙwaƙwalwa da kuma ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke wajen ƙeya, waɗanda ba sa buƙatar mutum ya tuna ranar da ya koya ko wanda ya koya masa. Shi ya sa ma yawan tunani a tsakiyar rawa ke ɓata ta. Gwanar da ta tsaya tana tambayar kanta wace ƙafa ce za ta fita, ta mai da aikin hannun ma'ajiyar da ba ita ke riƙe da shi ba, sai ta harɗe.

Akwai wani misali na kusa da gida wanda ba zai kyautu a tsallake shi ba, ko da yake malamanmu sun yi hani da shi tun zamanin jihadi, shi ne bori. Ƙasar Goronyo tana maƙwabtaka da tsohuwar Gobir, birnin Alƙalawa da ya faɗi a 1808 yana can gaba a kan wannan gulbi, kuma a Gobir Inna ce shugabar 'yan bori; malfa da jan rawanin da Nana Asma'u ta riƙa naɗa wa jajojinta ma daga alamun sarautar Inna aka ɗauko su, aka juya su zuwa hidimar ilimi. Waɗanda suka yi nazarin bori, irin su Fremont Besmer da ya zauna da masu garaya da goge a Kano ya fitar da littafinsa a 1983, sun rubuta cewa kowane iska da kiɗansa da kirarinsa da irin motsinsa. Malam Alhaji tsoho ne, a duƙe yake tafiya yana tari yana jan tasbaha. Kuturu yana naɗe yatsu yana kore ƙuda da dungu. Ɗan Galadima ɗan sarki ne mai taƙama da kyauta. Sarkin Rafi kuwa mahaukaci ne, ya yi tsalle ya faɗo zaune. Wanda abin ya hau, in ya sauka, yakan ce bai san abin da ya faru ba, alhali 'yan kallo sun ga ya kawo kowane motsi a muhallinsa, da sauyawar kiɗa kuma ya sauya. Abin da ya shafi aƙida a nan a bayyane yake ga Musulmi. Abin da ya shafi nazarinmu kuwa shi ne, mutumin nan ya shekara da shekaru yana kallon waɗannan siffofi, an kuma zaunar da shi lokacin girka ana buga masa kiɗan ɗaya bayan ɗaya, har kowane kiɗa ya zama mabuɗin wata ajiya a jikinsa, wadda ke buɗewa ko hankalinsa yana wurin ko ba ya nan.

Kallo kuwa yana da babban rabo a wannan ilimi, kuma shi ne makarantar farko. Ba a tara yaran ƙauye a ce yau za a koya musu rawa. Ƙanana suna gefen da'ira, wasu da goyon ƙannensu a baya, suna tafi, suna amshi, ƙafafunsu suna ɗan kwaikwayo a ɓoye, har ranar da wata yayarsu za ta jawo hannun ɗaya ta jefa ta tsakiya. A 2005 Beatriz Calvo-Merino da Patrick Haggard da abokan aikinsu a birnin Landan suka sa gwanayen bale da gwanayen kafuwera, wani wasan tsalle da shuri na ƙasar Burazil, a cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka nuna musu hotunan wasannin biyu. Kowane gwani, in ya ga irin wasan da ya iya, sassan ƙwaƙwalwarsa masu shirya motsi sukan fi tashi, kamar yana yi a ciki alhali yana kwance. A shekara mai bi suka ƙara tace gwajin: a bale akwai motsin da maza kaɗai ke yi da wanda mata kaɗai ke yi, ko da yake kullum tare suke atisaye, kowa yana ganin na kowa. Sai aka tarar sassan nan sun fi amsa wa motsin da mutum ya taɓa yi da jikinsa, ba wanda ya saba gani kawai ba. Ma'ana, gani yana share fage, amma sai ƙafa ta taka sannan ido ke zama idon gwani, wanda in ya kalli rawa yana karanta ta ne da jikinsa.

Wani sashe na haddar kuma a jikin abokan rawa yake. A wasan gaɗa akwai inda yarinya ke fitowa tsakiya, ta yi takunta, ta juya wa ƙawayenta baya, ta saki jiki ta faɗa da baya ba tare da ta waiwaya ba, su kuwa su tare ta da hannuwa su cilla ta gaba ta dira a kan ƙafafunta daidai da faɗuwar tafi. Ba ita kaɗai ke riƙe da lokacin faɗuwar ba. Mai ba da waƙa tana riƙe da shi, masu amshi suna riƙe da shi, hannuwan da ke jiranta suna riƙe da shi, kuma in ɗaya ta shagala sauran za su ja ta. Wannan ne ya sa yarinyar da aka aurar zuwa wani gari takan ji rawarta ta ragu, ko da kiɗan iri ɗaya ne, domin ta baro wani yanki na abin da ta sani a wurin sa'o'inta.

Gwanaye suna da wata dabara ta bita wadda ba a cika lura da ita ba. Za ka ga yarinya a bakin rijiya tana jiran layi, tana kiɗan da baki ƙasa-ƙasa, kafaɗa tana ɗan motsi, yatsu biyu suna taku a kan bakin tulu, ta karkata kai a inda juyi yake ba tare da ta juya ba. Masu rawar Turai ma suna yin haka, kuma David Kirsh, wanda ya yi nazarin ƙungiyar Wayne McGregor ta Ingila, da Edward Warburton da abokansa a Kalifoniya a 2013, sun nuna cewa irin wannan taƙaitacciyar bita tana gyara rawa, wani lokaci ma fiye da maimaita ta da cikakken ƙarfi, saboda jikin da bai shagala da tsalle da haki ba yana barin zuciya ta lura da jeri da lokaci. Rarraba bita a kan kwanaki kuwa tsohuwar nasiha ce a zaurukanmu: Shaihu Zarnuji, mai Ta'alimul Muta'allim, ya umarci ɗalibi ya maimaita karatun jiya sau biyar, na shekaranjiya sau huɗu, haka har zuwa ɗaya. Barci ma yana da nasa aikin, domin Matthew Walker da abokansa sun gwada a 2002 cewa waɗanda suka koyi wani jerin bugun yatsu suka kwana a kai sun wayi gari sun fi sauri da wajen kashi 20 cikin 100, ba tare da ƙarin bita ba. Dandalin da ake fita kowane dare na farin wata, a yi kaɗan a je a kwanta, ya dace da wannan ƙa'ida tun ba a rubuta ta ba.

To, ilimin da aka raba ajiyarsa tsakanin ƙafa da ganga da abokai da fage yana da ƙarfi matuƙar suna tare, yana kuma da rauni in aka raba su, kuma wannan ne abin da ke damuna game da yankin nan. Turawa sun ƙago hanyar rubuta rawa, Rudolf Laban ya fitar da tasa a 1928. A wajenmu kuwa David Ames da Anthony King sun tattara sunayen kayan kiɗanmu da lokutan yin su a 1971, malaman jami'o'inmu sun rubuta tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu, amma takun kansa ba shi da rubutu, yana nan a ƙafafun da ke tsufa. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Goronyo a 1984 noman rani ya ƙaru a fadamun Rima, albasa da tafarnuwa da shinkafa suka kawo arziki, alhamdu lillahi, amma sun ci wani yanki na hutun bayan kaka wanda dā na dandali ne. A bukukuwa lasifika ta fara maye gurbin mai kalangu, ita kuwa ba ta kallon ƙafar kowa, ba ta jira wanda ya tsaya a mahaɗa, ba ta san taken kowa ba. Yara suna ɗaukar rawar finafinai daga waya, suna kuma iya ta sosai, domin baiwar tana nan ba ta je ko'ina ba, sai dai rawa ce da aka yanke wa kiɗan da ba ya sauyawa. Mafi muni shi ne rashin tsaro. Bayan hare-haren da aka kai a Tabanni ta ƙasar Raba a 2018, da kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kawo mana ƙarshen wannan musiba, wane uba ne a ƙauyukan da abin ya shafa zai bar 'yarsa a waje bayan isha'i? Ibn Khaldun ya lura cewa sana'ar waƙa ita ce ta ƙarshen bayyana in gari ya bunƙasa, ita ce kuma ta farkon ɓacewa in ya fara raurawa, kuma mutanen da suka yi gudun hijira zuwa Sakkwato ko Wurno sun watsu, mai kiɗa a wata unguwa, masu rawarsa a wata.

Saboda haka ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko ma'aikacin Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu, ko duk wani mai kishi da ya ɗauki na'ura zai je ya adana wannan abu, kada ya zaunar da tsohuwa ya ce ta ba shi labarin rawa, domin zai dawo da 'yan kalmomi kaɗan ya zaci iyakar abin da ya rage ke nan. Ya fara neman makaɗin da ya yi mata kiɗa tun tana budurwa, in ya rasu a nemi ɗansa ko yaronsa da ya riƙa yi masa karɓi, a haɗa ta da biyu ko uku daga cikin sa'o'inta, a yi abin a tsakar gida a kan ƙasa, da izinin masu gida. Ya kafa na'urar yadda za ta kama ƙafafu da hannun makaɗi a hoto ɗaya, kada ya bi fuska. In an gama, ya sa makaɗin ya faɗi da baki abin da kalangun ke cewa a kowace jimla, da sunan da suke kiran kowane sauyi, ya kuma koma washegari a sake, domin galibi abin da ya ƙi fitowa a daren farko yakan fito a na biyu. A bar yara su tsaya a gefe suna tafi, kada a kore su don a sami hoto mai tsabta.